Hoton da Aka Kafa a Bakin Tasha

Tambuwal,
Laraba, farkon damina.

Zuwa ga yayata Hamdiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Yaya Abdulhakeem da yara baki ɗaya. Yaya Inno? Yaya Baba? Ina fatan ruwan da ya sauka nan shekaranjiya ya kai muku Kebbe. Ni ma ina nan lafiya, sai godiyar Allah.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Ɗangiwa direba alhali jiya muka yi waya. Wayarki ta gida ce, kuma duk lokacin da na kira ina jin tarin Baba a kusa. Abin da ke bakina ba na waya ba ne. Ki shiga ɗaki ki karanta, in kin gama ki sa ta a murhu.

Yaya, aikin da na ce wa Baba na samu a shagon kayan lantarki, babu shi. Ba a taɓa yi mini alkawarinsa ba ma. Dalilin barina Kebbe kin san shi ko ban faɗa ba. Yaya Abdulhakeem bai nuna mana komai ba sai alheri, Allah ya saka masa. Amma tun ranar da ɓarayin daji suka kore shanunmu, suka cinna wa rumbuna wuta, muka fito Tungar Maje da abin da ke jikinmu, ban ƙara ganin Baba ya ci abinci ya ƙoshi ba. Mutumin da kowane matafiyi ya san zaurensa, yau shi ne zaune a gidan suruki ana miƙo masa akushi. Na ga in na zauna baki ɗaya ne na ƙara a kan tukunyarku, shi ya sa na ƙago zancen aiki, ina ganin in na iso ba zan rasa ba.

Na iso na bi shaguna ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ji daga inda na fito sai ya ce Allah ya kyauta, amma babu gurbi. Wani ma ya dube ni sama da ƙasa ya ce su ba su ɗaukar mutanen daji, don yanzu ba a gane na kirki. Na juya na fita.

A masallacin tasha na haɗu da wani saurayi sa'ana, Isah. Su daga ƙasar Nijar suka gudo, garinsu ma an tarwatsa shi. In zai ce makaranta sai ya ce lakwal, babur kuwa moto. Shi ya lura a masallacin nake kwana, ya ja ni zuwa wata ƙungiya da ake kira Baƙonka Ɗan'uwanka. Mutanen garin nan ne suka kafa ta da kansu saboda samari da 'yan mata irinmu da tashin hankali ya koro. Wani Alhaji Uthman ya ba da tsohon gidansa da ke bayan kasuwa. Mu maza da ba mu da kowa a gari muna kwana a ɗakunan waje, 'yan mata kuwa daga wajen iyayensu suke zuwa da safe. Masu sana'a na gari ke koyarwa kyauta, akwai ɗinki, akwai gyaran babur, akwai haɗa wutar sola. Abincin rana matan unguwa ke dafawa gida-gida, yau wannan gobe wancan. Mai riƙe da wurin wata tsohuwar malamar firamare ce, Malama Batula, sa'ar Inno, mai faɗa da dariya a lokaci guda. Ni na shiga ajin sola wajen Malam Sirajo.

Mutanen kirki ne, Yaya, wallahi babu wanda ya ɓata mini. Amma ban san abin da ke damuna ba. Da Malama ta tambayi sunan mahaifina sai da harshena ya yi nauyi kafin na ce Malam Abdu. Ran nan kuma an raba abinci, ina riƙe da kwano, sai ga wata yarinya ta fito daga ajin ɗinki ta durƙusa har ƙasa tana gaishe ni. Zulaihat ce, ɗiyar Na'iya na Gidan Kuka, wanda kowace damina yake zuwa aron shanun huɗa wajen Baba. Ashe su ma nan suka sauka. Ta gaishe ni kamar yadda ta saba in an aiko ta gidanmu, har da tambayar su Inno. Ni da ita kuwa kwano iri ɗaya ke hannunmu. Na amsa ban iya duban fuskarta ba. Abincin nan Isah ya cinye shi.

Ki rufa mini asiri wajen Baba. Kin san shi, ya gwammace ya kwana da yunwa da a ce ɗansa yana gidan taimako. Ranar da zan taho ya ciro farar shaddarsa, wadda Inno ta ƙulla a zane ranar gudu, ya ba ni ya ce in shiga aiki kamar ɗan mutane. Tana nan a ninke ƙarƙashin matashina. Malam Sirajo ya ce zuwa bayan kaka wanda ya dage zai iya karɓar aiki da kansa. In na kai can sai in faɗa wa Baba gaskiya da abu a hannuna.

Ki gaida Inno, ki ce ina cin abinci. Ki gaida Baba gaisuwar mai aiki. A shafa mini kan yara.

Ƙanenki,
Nasiruddeen.


Tambuwal,
Asabar, tsakiyar damina.

Yaya Hamdiya,

Aminci ya tabbata a gare ki. Ina gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, da Inno da Baba da maigidan da yara. Yaya ruwa, yaya gona? Saƙonki ya iso, da dakkuwar da Inno ta aiko. Mun ci ni da Isah, ya ce a yi mata godiya.

Da na so in cika takardar nan da labari mai daɗi, don akwai shi. Hannuna ya fara faɗawa. Makon jiya Malam Sirajo ya tafi da ni Sanyinna muka ɗora wa wani mai shagon caji farantin sola a kan rufi, ni na haɗa batir da kaina, yana tsaye bai gyara mini komai ba. Da fanka ta juya sai da na ji kamar in yi ihu.

Amma wani abu ya faru, kuma gara ki ji daga bakina.

An ce mana wasu baƙi za su zo daga Sakkwato, masu son taimaka wa ƙungiya da kekunan ɗinki da kayan aiki. Malama ta ce kowa ya yi wanka ya sa tufa mai kyau. Ni kuwa sai na ciro shaddar Baba na saka, ranar ce ta farko da ta taɓa jikina. Suka zo da motoci, suka sauke buhunan shinkafa da barguna a tsakar gida. Manyansu suka shiga ciki da Malama, aka bar mu da wani matashi mai ɗaukar hoto. Ya yi ta dubanmu ɗaya-ɗaya, sai ya nuna ni ya ce in fito, wai fuskata za ta yi kyau. Da na fito sai ya girgiza kai.

"Ai kai ba ka yi kama da ɗan gudun hijira ba," in ji shi. "Cire rigar nan mana, minti ɗaya ne."

Yaya, na cire. Har yanzu ina tambayar kaina dalili. Babu wanda ya tilasta ni. Na dai tuna kekunan da 'yan matan nan ke jira, su da yawa a kan keke ƙwaya biyu, na ga in na ƙi kamar na yi wa baƙi rashin kunya a gidan da ake ciyar da ni. Na tuɓe rigar Baba na miƙa wa Isah, na tsaya da tsohuwar singiletin da nake aiki da ita, mai huda a kafaɗa. Ya ce in tsuguna, na tsuguna. Ya ce in rungume buhu in ɗaga kai in dube shi, kada in yi murmushi. Na yi. Su Zulaihat suna tsaye bakin ƙofar aji suna kallo. Da ya gama ya ce madalla, ya wuce wajen wani.

Na ɗauka abin ya ƙare nan. Shekaranjiya Malam Sirajo ya aike ni sayen wayar wuta, na biyo ta tasha, sai na ga mutane suna dubana suna duban sama. Na ɗaga kai. An buga hoton a wani babban ƙyalle irin na 'yan siyasa, an ɗaure shi tsakanin turaku biyu daidai inda motocin Kebbe ke lodi. Ni ne tsugune da buhu, kaina ya fi tayar mota girma. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe a taimaki marasa galihu. Wani ɗan kamasho ya ɗaga murya ya ce ga mai hoton nan, a ba shi hanya. Ba da mugunta ya faɗa ba, amma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wayar ma ban saya ba, na koma ta bayan gari.

Na sami Ɗangiwa na roƙe shi, ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Sai dai ba shi kaɗai ke bin hanyar nan ba, kuma Isah ya ce ya ga hoton a wayar wani. Ban iya yi wa Malama magana ba. Na je bakin ƙofarta na dawo. Ta yaya wanda ake ba masauki da abinci zai ce a sauke masa ƙyalle?

Don Allah in kin ji wani zai zo Tambuwal daga unguwarku, ki sanar da ni. Ki kuma yi mini addu'a iska ta yage shi.

A gaida kowa da kowa.

Naki,
Nasiruddeen.


Jabo,
Litinin, gab da kaka.

Yayata,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, da maigidan da yara. Yaya hankalin Inno? Baba fa, ya fara fita? Ki gafarce ni da shirun da na yi. Takardarki ta same ni tuntuni, na rasa da wane baki zan amsa. Wayata kuma da gangan na kashe ta.

Na karanta abin da kika rubuta har ya zauna mini a kai. Cewa a majalisar bakin masallaci wani ya miƙa wa Baba waya ya ce wannan ba ɗanka ba ne da ka ce yana aiki a shago? Cewa Baba ya duba ya daɗe, ya mayar masa, ya tashi ya shigo gida, kuma tun ranar ko sallah a ɗaki yake yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na sani, amma ban zaci Baba ne zai faɗa cikin wanda na haƙa ba.

Kin ga na rubuto daga Jabo. Na bar ƙungiya, kuma ban bar ta da kyau ba. Ranar da na karanta takardarki ban tsaya tunani ba, na shiga ajin ɗinki inda Malama take, gaban 'yan mata duka. Na ce mata sun mai da mu kayan bara. Na ce talaucinmu suke sayarwa suna cin abinci, kuma kowa a ɗakin nan ya jira ganin nasa hoton a bakin titi. Na faɗi wasu maganganun da ba zan iya rubutawa ba. Matar nan sa'ar Inno ce, Yaya, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ita ta dafo mini kunu daga gidanta. Tana riƙe da almakashi tana dubana har na gama. Na kwashi kayana na hau babur zuwa nan. Wani manomi ya ɗauke ni ƙwadago, muna yankan gero, ina kwana a zaurensa.

Na ɗauka na huce haushina. Jiya da hantsi muna cikin gona sai na hango babur yana tahowa ta kan kunya yana tangaɗi. Isah ne ke tuƙi, Malama Batula a baya, zanenta duk ƙaya. Ta sauko ta tako har inda nake, sauran ma'aikata suka tsaya da laujensu suna kallo.

"Nasiru, haƙuri na zo ba ka," ta ce. "Lokacin da anka ɗauki hoton ina ciki, ban gani ba. Amma da anka kafa shi na gani. Na gani na yi shiru, don kekunan ba su iso ba, ina tsoron in na yi magana su fasa. Laifina na, ba na kowa ba."

Ta ce ranar da na tafi ita da Isah suka je tasha da wuƙa, ta sa aka yanke igiyoyin a gabanta. Baƙin sun ji haushi, sun ce ƙila ba su ƙara zuwa. Ta ce ta tara kwamiti an yi doka, daga yanzu ba mai ɗaukar hoton kowa a gidan sai shi da iyayensa sun yarda. Sannan ta ce ko ban koma ba, in yafe mata.

Yaya, na taɓa jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta jiya ba. Tsohuwa ta hau babur ta biyo ni gona cikin rana tana ba ni haƙuri, ni da na zage ta gaban ɗalibanta. Na durƙusa cikin karan gero, sai hawaye.

Da za su tafi Isah ya ja ni gefe ya faɗa mini abin da ita ta ɓoye. Maganar da na yi a aji 'yan matan sun kai ta gida. Ta bazu cikin mutanenmu cewa a gidan nan ana ɗaukar hoton ɗiyan mutane ana sayarwa. Iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa. Ajin ɗinki da ba wurin zama, yanzu bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Zulaihat ma an hana ta, ita da ta fi kowa hannu, har matan unguwa sun fara kawo mata ɗinkin yara. Kekunan kuwa sun riga sun iso kafin a sauke ƙyallen, suna nan jere a rufe da zane, babu masu hawa.

Ban san abin da zan yi ba. In na koma, da wane ido zan dubi mutanen gidan? In na zo Kebbe, da wane ido zan dubi Baba? Nan dai babu wanda ya san ni sai gero.

Ki ce wa Inno ina lafiya. Baba kuwa ban san ko zai karɓi gaisuwata ba, amma ki isar.

Ƙanenki mai neman gafara,
Nasiruddeen.


Tambuwal,
Jumma'a.

Zuwa ga Yaya Hamdiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa ta musamman, da Inno, da Yaya Abdulhakeem, da yara. Ina fatan Baba ya iso gida lafiya. Na san halinsa, ba zai gaya muku komai ba, in kun tambaya zai ce ya je ya dawo. Shi ya sa na zauna in rubuta miki yadda aka yi, ki karanta wa Inno.

Ban yi fushi ba da kika karanta masa takardata ta Jabo. Da farko na ji zafi, amma yanzu na ga gara da kika yi.

Shekaranjiya da safe Isah ya zo Jabo ya ce in hau, ana nemana. Bai faɗi ko wane ne ba sai da muka shigo gari. Na so in diro daga kan babur. Muka shiga gidan, sai ga Baba zaune kan tabarma a bayan ajin Malam Sirajo, ya naɗe ƙafa, yana kallon yadda ake haɗa waya kamar shi ma ɗalibi ne. Ashe tun motar farko ya iso, ya tambayi gidan a tasha, ya zauna da Malama sun daɗe suna magana. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar jiya muka rabu, har da tambayar yaya gero a Jabo.

Da aka tashi ya kira ni gindin darbejiyar da ke ƙofar gida. Na zauna ina jiran faɗa, wallahi ko duka ne da na fi so. Yana jan carbi ya fara magana.

"Hoton nan ya yi mini zafi, ba ni ɓoye maka," ya ce. "Amma ba shi ya hana ni fita ba. Ni da bakina nika gaya ma mutane ɗana na aiki shago, sai ƙaryarka ta koma tawa. Na zauna ɗaki ina tunani, wane irin uba nike, da ɗana zai samu masu koya mai sana'a don Allah, ya ji tsoron gaya mini? Ni da nika cin tuwon suruki safe da dare, wa zan yi ma girman kai?"

Ban taɓa jin Baba ya ambaci zamansa a gidanku ba sai ranar. Na fara ba shi haƙuri ya ɗaga mini hannu. Ya ce haƙurinsa mai sauƙi ne, na cikin gida ne. Ya ce in tashi in fara zuwa wajen Malama, kuma a inda na yi mata rashin kunya nan zan ba ta haƙuri. Na shiga ajin ɗinki na durƙusa gaban 'yan matan da suka rage na roƙe ta. Ta ce in tashi kada in sa ta kuka gaban yara, in je in wanke fuska.

Na zaci an gama. Sai Baba ya sa takalmi ya ce wa Isah ya shiga gaba, ya nuna mana duk gidan da aka hana yarinya zuwa. Malama ta ce a kira masu babur, ya ce a'a, mai zuwa roƙo da ƙafa yake zuwa.

Yaya, mun yi tafiya. Kin san mutanenmu ba wuri ɗaya suka sauka ba, wasu a kangon da ba a gama ginawa ba, wasu a bayan makaranta, wasu can wajen gari hanyar Dogon Daji. Duk ƙofar da muka je Baba zai yi sallama, in maigidan ya fito sai ya ce, "Ni na uban yaron da kunka gani ga hoto. Ga shi nan. Shi ya faɗi maganar da kunka ji, kuma cikin fushi ya faɗe ta." Sannan ya juyo ya ce in yi bayani da bakina. Ni kuwa in sunkuyar da kai in faɗi yadda aka yi, da dokar da aka kafa, da kekunan da ke jira. Da yawa sun san Baba tun can gida, wasu ma da ganinsa sai su rasa inda za su sa kansu, su shiga neman tabarma. Shi kuwa ba ya zama. Kowace ƙofa sai ya sake faɗin maganar nan, ni na uban yaron, kuma kowane faɗi sai na ji ta kamar yau na fara ji.

Gidan Na'iya muka je ƙarshe, bayan la'asar. Wani shago ne aka ba su aro, sun kare rabinsa da buhu. Da ya ga Baba sai ya durƙusa, Baba ya kama hannunsa ya ɗaga shi. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "Malam Abdu, ba abin da za ka nema wurina in hana ka. Amma naka namiji na, hotonai in ya yi yawo ya dawo. Tawa ɗiya mace ta. Shanu sun tafi, gida ya tafi, mutuncinta kaɗai ya rage mini. Ka bar ni in yi tunani."

Baba bai matsa masa ba. Ya ce gaskiya gare ka, ya yi masa addu'a muka fito. Ina jin motsin Zulaihat a bayan buhunan, ba ta fito ba. A hanya Baba ya ce mini wannan ƙofar tawa ce, in yi ta komawa da ladabi har Allah ya sa ya sauko, in kuma bai sauko ba in san abin da bakina ya jawo.

Jiya da safe 'yan mata sun fara dawowa, yau sun ƙaru, ajin ya ɗauki ƙarar kekuna har muna ji daga namu. Ba duka suka dawo ba. Gida ɗaya ma sun riga sun tashi zuwa wani gari. Na koma wajen Na'iya yau bayan Jumma'a, ya amsa gaisuwata, ya ce har yanzu yana tunani. Zan sake zuwa. Ni ma na koma ajin Malam Sirajo, ya miƙo mini filaya ya nuna mini inda aka tsaya.

Baba a ɗakinmu ya kwana, kan tabarmata. Da asuba da zai yi alwala ya cire takalmi, sai na ga ƙafafunsa. Sun kumbura, Yaya, diddigen hagu ya fashe har ya manne da takalmin. Ya ga na gani sai ya saki riga a kai. Haka ya taka zuwa tasha bai ɗingisa ba, ya ƙi in riƙe masa jaka.

Don Allah ki dafa ruwa da gishiri ki kai masa ɗaki, ki aje man kaɗe kusa. Kada ki tambaye shi abin da ya samu ƙafar, kada kuma ki ce ni na faɗa miki. Ki aje kawai ki fito.

Ki gaida Inno da kyau, ki yi wa Yaya Abdulhakeem godiya a madadina. Allah ya bar zumunci, ya mai da mu gida lafiya.

Ƙanenki,
Nasiruddeen Abdu.